Hoton sallar da: su wa ke ciki?

Da azumi ya kai goman ƙarshe, ko layya ta matso, sai tsofaffin hotunan Gusau su fara yawo a Facebook da WhatsApp. Wani ya ɗora tashar jirgin ƙasa, wani ƙofar Masaka lokacin tashin ma'aikata, wani dawaki a Kanwuri ran hawa. A ƙasa kuwa sai a yi ta "Allah sarki, Gusau ta Sambo!" Ni ma nakan tsaya in kalla har idona ya ciko. Duk wanda ya san zamanin da mutum zai ci tuwon sallah a Gusau, ya shiga mota ya kai gaisuwa Tsafe ko Bungudu, ya dawo bayan isha'i gida ba a tashi hankali ba, ba zai ga laifin mai kewa ba.

Damuwata ita ce hotunan nan ba suna, ba shekara. "Gusau a da" kawai ake rubutawa. Wace da? Layin dogo ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura Namoda tun 1929, kenan hoton tasha yana iya zama na zamanin Bature, yana iya zama na bayan yaƙin basasa, kuma tsakaninsu an haifi mutane, sun yi dakon gyaɗa da auduga, sun tsufa. Garin yana ƙarƙashin Sakkwato har 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, don haka hawan da aka yi kafin nan da wanda aka yi bayansa ba labari ɗaya ba ne. In ba a faɗi lokaci ba, yaro zai ɗauka duk abin da ya gabaci haihuwarsa rana ɗaya ya faru.

Yanzu kuma an shigo da sabon yayi, a ba ƙirƙirarriyar basira hoto ta sa masa launi. A gidanmu na ga ɓarnar. Wani ɗan yayana, da kyakkyawar niyya, ya gyara hoton sallar kakanmu da abokansa. Rigar saƙi da tsohon ke alfahari da ita ta koma shadda mai ƙyalli, tsagar fuskarsa ta goge, na'ura ta ɗauka datti ne a jikin takarda. Hoton ya yi kyau ƙwarai, amma mutumin da ke ciki ban san shi ba. Tsagar nan ita ke gaya wa baƙo daga wane gida ya fito. Wanda zai sa launi ya sa, amma don Allah ya ajiye na asalin kusa da shi.

Ba na cewa a daina ɗorawa. Da ba don wayoyin nan ba, da yawan hotunan gara ce za ta ci su a ƙarƙashin akwati. Abin da nake roƙo bai kai kuɗin goron sallah ba: kafin ka ɗora, kai wa tsoho ya gani.

Sallar bara na gwada. Na ɗauki hoton na asali na kai wa gwaggona a Bungudu. Ta matso da shi kusa da ido, ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina ka tono wannan? Ai sallar shekarar canjin kuɗi ce, da aka bar fam aka koma naira." Wato 1973. Cikin mutum bakwai ta kira sunan biyar, har da wanda ya ɗinka musu rigunan da wanda ya ari hula don a ɗauke shi. Na juya bayan hoton na rubuta duka tana faɗa.

Biyun da suka rage, ta ce in nemi wani tsohon tela a Kwatarkwashi, tare suka yi samartaka. Na sa ranar zuwa sau biyu, sau biyun ana cewa in dakata, hanya ba kyau.