Finafinai Masu Ƙarfafa Zuciya: Nazari Domin Masu Hidima a Samaru da Sabon Gari

Gabatarwa

Mai hidimar da aka tura Samaru ko Sabon Garin Zariya zai tarar da matasa da yawa a gabansa: ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, masu jiran sakamakon jarrabawar shiga jami'a, da yaran shago na kasuwar Sabon Gari. Wa'azinmu suna jinsa sau ɗaya ko biyu a mako, fim kuwa yana cikin wayarsu dare da rana. Tun zamanin sinima mutanen Arewa suka saba da finafinan Indiya, yau kuma ana fassara su da Hausa ana tura wa mutum a waya da kuɗi kaɗan. Daga cikinsu akwai waɗanda matashi zai ce sun canza masa rayuwa. Bai kamata mu yi wa wannan magana dariya ba, bai kuma kamata mu haɗiye ta ba tare da tauna ba. Za mu duba finafinai uku da tambaya ɗaya: idan fim ya ce mutum ya ci gaba, da wane mudu ya auna shi?

Fim na farko: 3 Idiots

Rajkumar Hirani ne ya ba da umarnin wannan fim na Indiya a 2009, Aamir Khan kuma ya fito a matsayin Rancho. Labarin abokai uku ne a kwalejin koyon injiniyanci. Farhan yana son ɗaukar hoton namun daji, amma mahaifinsa ya yanke masa sana'a tun ranar haihuwa. Raju ɗan talakawa ne, mahaifinsa na kwance da shanyewar jiki, dukan gidan sun zuba masa ido, tsoro ya cika shi har ya kasa karatu. Rancho shi ne mai karatu don son sani, wanda yake ja da shugaban kwalejin a kan hadda marar fahimta.

Ɗalibin Samaru ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan duniya. Ya san wanda aka tilasta wa karatun likita alhali zuciyarsa na wani wuri. Ya san nauyin zama ɗan fari da aka sayar da amfanin gona domin kuɗin rajistarsa. Ya san yadda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Fim ɗin ya yi gaskiya a wurare biyu da ya kamata mu yaba. Na ɗaya, ya nuna ɗalibi Joy Lobo, wanda ya nemi ƙarin lokaci domin kammala aikinsa saboda rashin lafiyar mahaifinsa, aka hana shi, ya kashe kansa. Fim ɗin bai kawar da kai ba, ya ɗora tambayar a kan manya. Na biyu, lokacin da Raju ya je ganawar neman aiki a keken guragu, ya faɗi gaskiya game da faɗuwarsa a jarrabawa da yunƙurinsa na hallaka kansa, ya ƙi sauya maganarsa ko da zai rasa aikin. Wannan girma ne na ainihi, domin tsoro ne ya bar shi.

Matsalar tana ƙarshen labari. Kusan awa uku fim ɗin ya yi yana koya mana kada mu auna mutum da maki ko albashi. Chatur, ɗalibin hadda, ya dawo bayan shekara goma yana taƙama da gida da mota, ya tarar da Rancho yana koyar da yara a Ladakh, ya yi masa ba'a. Da an tsaya nan, da mai kallo ya tafi da tambaya mai nauyi: shin malamin makarantar ƙauye ya yi asarar rayuwarsa? Amma sai aka bayyana cewa Rancho shi ne Phunsukh Wangdu, masanin kimiyya mai ƙirƙire-ƙirƙire 400 da aka yi wa rajista, wanda kamfanin Chatur ke neman sa hannunsa ruwa a jallo. Da mudun Chatur aka kayar da Chatur. Saƙon da ya rage a zuciyar matashi shi ne: bi abin da kake so, dukiya za ta biyo ka. To, malamin firamare a Bomo ko Basawa wanda ya bi abin da yake so, albashi kuma bai kai shi ƙarshen wata ba, ina matsayinsa a wannan labari?

Fim na biyu: The Pursuit of Happyness

Wannan fim na Amurka ya fito a 2006. Will Smith ya taka rawar Chris Gardner, mutum na gaske, a birnin San Francisco na 1981. Yana tallar injin duba ƙashi wanda likitoci ba sa saye, matarsa ta tafi, aka kore shi daga gidan haya, har ya kwana da ɗansa a bayin tashar jirgin ƙasa. Ya shiga horon wata shida ba albashi a kamfanin dillancin hannun jari, inda mutum ashirin ke takarar gurbi ɗaya. Shi ya samu.

Abin koyi a nan shi ne uban da ya ƙi rabuwa da ɗansa cikin tsanani. A garuruwanmu, inda wasu maza ke gudu su bar mata da yara idan kasuwa ta karye, wannan hoto yana da daraja. Amma fim ɗin bai ce komai ba game da sauran goma sha tara. Su ma sun yi wata shida suna aiki kyauta, wataƙila wasunsu suna da yara. Yaron shago a Sabon Gari wanda ya yi wa maigidansa hidima shekaru, aka sallame shi da jari, gobara ko faɗuwar naira ta cinye jarin, idan ya kalli wannan fim zai iya yanke wa kansa hukunci cewa ƙoƙarinsa ne bai isa ba. Ƙarfafawa ta koma tuhuma.

Akwai kuma abin da masu kallo kan wuce da sauri. Gardner da ɗansa sun sami wurin kwana a masaukin marasa gida na majami'ar Glide Memorial, inda layi yake da tsawo, gadaje kuma ba su isa kowa ba. Fim ɗin ya ɗauki wannan a matsayin zango a hanyar jarumi. Ga mai hidima kuwa, nan ne tsakiyar labarin: wasu mutane sun buɗe ƙofa kowace yamma ga waɗanda ba za su taɓa zama attajirai ba.

Fim na uku: Queen of Katwe

Mira Nair ce ta shirya wannan a 2016, a kan rayuwar Phiona Mutesi, yarinya mai tallar masara a unguwar talakawa ta Katwe a Kampala, wadda ta zama gwanar wasan darar Turawa. A ganinmu ya fi sauran biyun gaskiya, domin bai bar jaruma ita kaɗai ba. Robert Katende, wanda ya karanta injiniyanci, yana tara yaran unguwa yana koya musu dara yana ba su kunu, kuma da aikin injiniya ya samu a cikin labarin, ya zaɓi ya zauna da yaran. Mahaifiyar Phiona, gwauruwa ce da ta ƙi sayar da mutuncinta duk da yunwa. Fim ɗin ya kuma nuna wani abu da muka sani a Samaru: yaron da ya ɗanɗani wata duniya yakan dawo gida ya ji ɗakin uwarsa ya yi masa ƙunci. Phiona ta sha kaye a gasa, girman kai ya kama ta, ta koyi komawa ta fara daga ƙasa. Duk da haka, shi ma labarin mutum ɗaya ne da aka zaɓa saboda ya yi fice.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Hana kallo ba zai yi aiki ba, kowa ya san haka. Ɗauko guntun fim a manna a wa'azi domin a burge matasa shi ma bai wadatar ba, domin sau da yawa mudun fim ɗin yakan shigo tare da misalin, mu wayi gari muna wa'azin cewa amincin mutum zai ƙare da mota. Labari yana da iko, kuma mun san wannan daga 2 Sama'ila 12, inda Natan ya ba Dawuda labarin tunkiyar matalauci. Bambancin shi ne labarin Natan ya juyo ya fuskanci mai sauraro, ya sa shi ya ga kansa a wurin da bai so ba. Yawancin finafinan ƙarfafa zuciya suna gayyatar mai kallo ya ga kansa a matsayin jarumi kawai.

Muna da abin koyi a ƙofar gida. Tun tsakiyar shekarun 1970, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, zamanin Michael Etherton da abokan aikinsa, ya soma fitar da wasa daga zaure zuwa cikin jama'a. Ɗalibai sukan shiga unguwannin Samaru su ji damuwar mutane, su mayar da ita wasa, su nuna a fili, sa'an nan a tsaya a tattauna. Tattaunawar nan ita ce abin da wayar hannu ba ta bayarwa. Zumuntar matasa za ta iya kallon fim tare, a kashe na'ura, a zauna rabin awa ana magana. Mai hidima kuma ya buɗe kunne sosai idan aka zo kan Joy Lobo, domin wataƙila akwai mai irin nauyinsa a cikin ɗakin, wanda yake bukatar a zauna da shi, a kuma haɗa shi da likita.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙarshen fim ɗin, wane hali jarumin ya samu wanda ba shi da shi a farko? Da bai sami dukiya ko suna ba, za mu ce ya ci gaba?
2. Su wane ne suka ɗauke shi a hanya, me kuma hakan ya ci musu?
3. Su wane ne suka yi ƙoƙari irin nasa ba su samu ba? Me za mu faɗa wa irinsu a ikilisiyarmu?
4. A wa'azinmu na watanni uku da suka wuce, mutum nawa muka kawo misali da su waɗanda suka yi aminci amma suka mutu talakawa?