Karatun Jiki a Zaman Sulhu a Ƙasar Andarai

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da gero ya shiga rumbu, dawa da wake suna gona, manoman rani kuma sun fara dashen albasa a fadamun Aliero da Jega da Maiyama, ƙofar gidan mai unguwa ba ta rabuwa da masu ƙara. Shanu sun gangaro neman ruwa da kara, burtalin da suka saba bi noma ya cinye rabinsa, duk da dokar keɓe makiyaya da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tun 1965. Dare ɗaya ya isa garke ya tattake wahalar wata uku. Da yawa daga irin wannan rigima a garuruwa kamar Andarai ba ta zuwa gaban alƙali. A zaure ake kashe ta, gaban mai unguwa ko hakimi, da Sarkin Noma, da Arɗo, da liman.

Masu rubutu kan sulhu sun fi mai da hankali ga ƙarshen zama: nawa aka ƙiyasta ɓarna, nawa aka biya. A ganina gwanintar tana can farko, tun ba a ambaci kuɗi ba, kuma a jikin mutane ake yin ta.

Manomi ya iso a fusace, jijiyar wuya ta tashi, yana magana yana nuni da yatsa. Dattijon da ya san aiki ba zai tambaye shi abin da ya faru ba. "Zamna, Malam. Ku kawo mai ruwa." Za a karɓi sandar makiyayi da laujen manomi a jingine su a waje, a tuɓe takalma, a zauna a tabarma ɗaya. Sai gaisuwa, doguwa, har da tambayar iyali da gajiya da sanyi. Baƙo zai ɗauka ɓata lokaci ne, alhali dattijon yana sauraren numfashin mutumin, yana jiran muryarsa ta sauko. In lokacin salla ya gabato, ya ce a yi alwala tukuna. Sai bayan an shafa fatiha zai juyo: "To, mi ya hwaru?"

Wannan tsari yana da tushe a karatu. Hadisi ya umarci mai fushi in yana tsaye ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kishingiɗa, wani kuma ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari kan shari'a ta nemi a daidaita masu jayayya a wurin zama da kuma a kallon da alƙali yake yi musu. Ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mai Liya'ul Hukkami ya zauna ya karantar, ta gaji wannan fahimta, har ta zama ɗabi'ar waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Gottman, da ya daɗe yana auna ma'aurata lokacin gardama, ya lura cewa in bugun zuciya ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro da kyau, kuma yana bukatar aƙalla minti 20 kafin ya dawo hayyacinsa. Ruwan sha da gaisuwa da alwala kusan wannan tazara suke cikewa.

Inda aikin yake da wuya shi ne jiki biyu da ke tabarmar ba yare ɗaya suke yi ba. Manomi Bahaushe yakan fito da ɓacin ransa fili, ya rantse, ya tafa hannu. Bafulatani kuwa an rene shi kan pulaaku, wadda ta ɗora masa kunya da juriya, ta hana shi nuna zafi ko tsoro a gaban mutane. Zai sunkuyar da kai, ya ja rawani, ya amsa da kalma ɗaya ko biyu. Mai sulhun da bai ƙware ba sai ya karanta shirun a matsayin amsa laifi, ko kuma raini. Shi ma makiyayin yana iya ɗaukar ɗaga muryar manomi a matsayin cin mutunci, alhali mutumin kukan bashin taki da iri yake yi. Amfanin zaman Arɗo a wurin ke nan. Shi ya san cewa yaron da ya daina motsi gaba ɗaya, ya kafe ido a ƙasa, ya fi mai hayaniya kusa da aikata abin da za a yi da-na-sani.

Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo musu karaya daga nesa, ba sa ɗaure kara sai sun bi gaɓar da yatsa sun gano inda ƙashi ya goce. Wanda ya ɗaure a karkace, ƙafa za ta haɗe, amma mai ita zai yi ɗingishi har abada. Haka sulhu yake.

A nan ne nake da ƙorafi kan wannan al'ada da nake ƙauna. Ladabin da ke sanyaya zama shi ne kuma yake iya ɓoye zalunci. Talaka ya durƙusa gaban uban ƙasa, aka ce masa "yi haƙuri, ɗan'uwanka ne," me zai ce ban da "ranka shi daɗe, na yafe"? Bakinsa ya yafe, hannunsa yana rawa. Abin ya fi muni a sulhun aure. Mace ta yi yaji, an zo biko, an zaunar da ita gaban baffanninta, ta lulluɓe fuska da mayafi, hawaye na zuba, aka ce shirunta yarda ne. Alƙur'ani ya tanadi mai sasantawa daga dangin miji da kuma daga dangin mata, kuma hikimar a bayyane take: a sami wanda za ta iya ɗaga kai ta yi wa magana. Gidajen da suka san ya kamata sukan tura gwaggo ta ja ta ɗaka. "Ɗiyata, gaya mini gaskiya, bugunki shikai?" Abin da ke fitowa a ɗakin nan sau da yawa ya sha bamban da abin da aka ji a zaure. Haƙurin da aka tilasta wa mai rauni don manya su tashi da wuri ba sulhu ba ne, kuma malamai sun yi ittifaƙi cewa sulhun da ya halatta haram ɓatacce ne.

Yanzu rigingimu da dama sun koma ofis, wurin 'yan sanda ko kwamitin manoma da makiyaya na ƙaramar hukuma. Akwai amfani, domin ana rubuta yarjejeniya, ana sa hannu. Sai dai a can wani yana kan kujera, wani yana tsugune, ba ruwan sha, ba gaisuwa, kowa na duban agogo. Ga kuma tsoron da matsalar tsaro ta shuka a Arewa maso Yamma, wanda ya sa mutane ke shigowa zama da zargi tun ba a buɗe baki ba.

Shi ya sa tsofaffin masu sulhu ba sa ɗaukar musafaha a matsayin ƙarshen magana. Sukan lura ko an haɗa ido, ko tafin hannu ya kama sosai ko kan yatsu kawai aka miƙa. Bayan kwanaki sukan sa a bincika musu abu biyu: ko matan rugar sun koma kai nono unguwar manomin, da kuma ko manomin, bayan ya kwashe amfaninsa, ya bar garken ya kwana a gonarsa ya ci kara ya zuba masa taki. In ba a ga ko ɗaya ba, sai a sake kiran zama kafin shanu su juyo da bazara.