Adabin Masu Takalmin Katako: Tarke a kan Karatun Talakawan Filipin

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani hukunci da masu ilmin boko na ƙasar Filipin suka daɗe suna yanke wa abin da talakawansu ke karantawa, a ga ko yana da tushe. Tun wajen shekarun 1950 akwai kalmar da ake jifar irin wannan adabi da ita a birnin Manila, wato bakya. Asalinta sunan takalmin katako ne da matalauta ke sawa. Daga baya duk fim ko waƙa ko littafin da masu wannan takalmi ke so sai a kira shi bakya, ma'ana abu maras daraja. Ra'ayinmu shi ne an auna kayan da mudun da ba nasa ba, an kuma tsallake tambayar da ta fi damun mai tsara yaƙi da jahilci: me ke sa wanda ya koyi karatu ya ci gaba da yinsa bayan ya bar aji?

2. Asalin al'adar

Ɗab'i ya daɗe a ƙasar. A shekara ta 1593 aka buga Doctrina Christiana a Manila, cikin harshen Isbaniya da na Tagalog. Amma abin da ya shiga gidajen talakawa waƙa ce. Akwai pasyon, doguwar waƙa a kan wahalar Yesu bisa aƙidar Kirista, wadda Gaspar Aquino de Belen ya fitar da ta Tagalog a farkon ƙarni na 18. Ana rera ta ne a makon da ke gaban Ista, mutane suna karɓa-karɓa dare da rana. Akwai kuma awit da korido, labaran sarakuna da jarumai cikin waƙa, na farko mai gaɓa 12 a ɗango, na biyu mai gaɓa 8, waɗanda ake sayarwa a ƙananan littattafai masu araha. Ke nan tun farko karatu a wurinsu abin taro ne: ɗaya ya riƙe takarda, goma su saurara.

Da Amurka ta karɓi mulki, ta aiko da malamai a 1901, Ingilishi ya zama harshen makaranta. Daga nan hanya ta rabu biyu. Masu zurfin ilmi suka koma rubutu da Ingilishi, jama'a kuwa suka bi mujallun harsunan gida. Ramon Roces ya kafa Liwayway cikin Tagalog a 1922, sannan a shekarun 1930 aka sami ƴan'uwanta: Bisaya da Hiligaynon da Bannawag, kowace da harshen yankinta. A cikin Liwayway ne Tony Velasquez ya fara zana Kenkoy a 1929. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu labarin zane, wanda suke kira komiks, ya tsaya da ƙafarsa: Pilipino Komiks ta fito a 1947, a cikinta kuma Mars Ravelo ya kawo jaruma Darna a 1950.

3. Abin da ya riƙe mai karatu

In aka dubi waɗannan kayayyaki za a ga siffofi huɗu da ba su canza ba. Na farko, harshen da ake magana da shi a gida da kasuwa. Na biyu, araha. Wanda ma ba ya iya saye yana biyan ɗan kuɗi ya yi haya a rumfar bakin hanya, ya zauna a benci ya karanta, ya mayar. Na uku, ana yanka labarin ne kashi-kashi, a tsaya daidai inda hankali ya tashi, dole a nemi fitowa ta gaba. Na huɗu, kwafi guda yana zagaya hannu da yawa. Zane kuma yana tallafa wa mai rarrafe a karatu, ya gane kalma daga hoto. Babu hukumar da ta tsara wannan, amma ya yi aikin da masu tsari ke kira karatun bayan koyo, ya kuma yaɗa Tagalog zuwa tsibiran da ba a jinsa.

4. Zargi da amsa

Dole a faɗi gaskiyar masu zargi. Yawancin labaran zubi ɗaya gare su: marainiya ta sha wuya, attajiri ya so ta, mugu ya tozarta a ƙarshe. Ana iya cewa irin wannan yana koya wa talaka jiran sa'a a maimakon neman haƙƙi. Bugu da ƙari, kasuwar ta taru a hannun maɗaba'u kaɗan, kuma tun shekarun 1970 gwanayen zane irin su Nestor Redondo da Alfredo Alcala suka koma yi wa kamfanonin Amurka aiki.

Sai dai masu zargin sun karanta takardar ne, ba su tambayi mai karanta ta ba. Jose Lacaba ya kare ɗanɗanon jama'a a wata maƙala tasa kan bakya a 1970. Soledad Reyes, a nazarinta na ƙagaggun labaran Tagalog da ya fito a 1982, ta ɗauke su da muhimmancin da ake ba babban adabi. Hujja mafi ƙarfi kuwa tana cikin littafin Reynaldo Ileto, Pasyon and Revolution, na 1979. Ya nuna cewa waƙar da ake zaton an ba talakawa don su yi haƙuri, daga cikinta manoma suka samo kalmomin da suka fahimci zalunci da ƴanci da su, har suka yi tawaye. Ashe abin da marubuci ya shuka daban, abin da mai karatu ya girbe daban.

5. Bayan komiks

A shekarun 1990 talabijin da bidiyo suka ci kasuwar komiks. Al'adar ba ta mutu ba, riga ta sake. Ƙananan littattafan soyayya na Tagalog, irin na Precious Hearts Romances da suka fara a 1992, suka maye gurbi, yawanci a hannun mata. Daga bisani matasa suka koma Wattpad a wayar hannu, har wasu labaran can suka zama fina-finai a 2014. Siffofin nan huɗu suna nan yadda suke.

A nan ne mai tsari zai yi hattara da alƙaluma. A jarrabawar PISA ta 2018 Filipin ta zo ta ƙarshe a karatu cikin ƙasashe da yankuna 79. Matsalar makarantunta gaskiya ce. Amma da Ingilishi aka yi jarrabawar, harshen da mafi yawan yaran ba sa magana da shi a gida. Saboda haka ba ta ce komai ba game da abin da suke karantawa don kansu.

6. Kammalawa

Hukuncin bakya ya gaya mana ɗanɗanon masu yanke shi fiye da ƙimar abin da suka yanke wa. Irin wannan raini ne littattafan soyayya na Kano suka sha tun daga shekarun 1980, alhali su ne suka riƙe mata da yawa a kan karatun Hausa. Wanda ke son auna karatun al'umma, ya fara da rumfar haya da teburin mai sayarwa kafin ya je laburare. Wanda ke son gyara abin da ake karantawa kuwa, sai ya kawo nasa da harshen gida, da farashin da aljihu zai ɗauka, da labarin da zai sa a tambayi ranar fitowa ta gaba.