Dorinar da Ta Nutse: Nazarin Halloween na 1978 da na 2018

Masuntan Yawuri da Shanga sun san cewa dorinar da ta fito da kai saman ruwa mai sauƙi ce. Wadda ta nutse ita ke sa mai kwalekwale ya kasa haɗiye yawu. Da wannan ma'auni za mu auna finafinai biyu na jerin Halloween: na John Carpenter (1978) da na David Gordon Green (2018).

A fim na farko, Michael Myers, wanda ya kashe yayarsa yana ɗan shekara shida, ya kuɓuce daga asibitin masu taɓin hankali ya koma garinsu Haddonfield. Mutum biyar kacal ya kashe, jini kuwa da kyar ake ganinsa. Gwanintar Carpenter tana wajen jinkiri: a hango mutum tsaye bayan shinge ko tsakanin kayan shanya, a waiga a tarar ba kowa. Kamar Dodon tatsuniya, ba a faɗi dalilinsa ba. Ko da Likita Loomis ya harbe shi ya faɗo daga bene, da aka leƙa babu gawa, sai sautin numfashinsa a ɗakunan da ba kowa.

Kashi na biyu (1981) ya ɓata wannan tsari da ya ce Laurie Strode ƙanwarsa ce. Da Dodo ya sami dalili, sai ya koma rigimar gida ɗaya, maƙwabta suka sami barci. Abin yabo na farko ga Green shi ne ya share duk abin da ya biyo bayan 1978, har da wannan zumunci.

Na biyu, ya juya kyamara ga wadda ta tsira. Jamie Lee Curtis ta dawo a matsayin Laurie bayan shekara 40, ta mai da gidanta kurkuku, tsoro ya kashe mata aure, hukuma ta raba ta da 'yarta Karen. Finafinan baya ba su tsaya a kan wannan tambaya haka ba: me kisa yake bari a gidan wanda bai mutu ba? Har Green ya juya ƙarshen fim na farko, inda Laurie ce ta faɗo daga bene ta ɓace, mai farauta ya zama abin farauta.

Rauninsa yana wajen Michael. Gawawwaki sun haura goma, kyamara tana binsa gida-gida, muna ganin guduma da wuƙa ƙuru-ƙuru. Dorina ta kwana a tudu, ido ya saba da ita. Ga kuma Likita Sartain, wanda aka ƙirƙiro don kawai ya ɗauki makashin a mota ya kai shi ƙofar Laurie. Nan ɗinkin labarin ya fito fili.

Saboda haka fim na 2018 ya fi na 1981 tunani, ya kuma fi na 1978 tausayin waɗanda abin ya shafa, amma bai kamo ƙafarsa wajen firgitarwa ba. Wanda ya kalli na Green yakan fita yana jinjina wa mata uku da suka rufe mugu a ɗakin ƙasa suka cinna wuta. Wanda ya kalli na Carpenter da dare kuwa, sai ya sake duba sakatar ƙofarsa kafin ya kwanta.