Masu Renon Ɗan Mage a Lakwaya

A Lakwaya da ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo ba a ajiye mage don ado. Ma'aikaciya ce. Da zarar an kai dammunan gero da dawa rumbu, an jibge buhunan masara da gyaɗa a ɗaki, ɓeraye sun sami wurin tarewa, kuma ɓarnarsu ba ta tsaya kan hatsi ba, tunda wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Shi ya sa in mage ta haihu a bayan randa ko ƙarƙashin gado, tun 'ya'yan ba su buɗe ido ba maƙwabta ke aiko yara a ce a ajiye musu ɗaya.

Daga nan matsala take farawa. Wani lokaci uwar ta ci ɓeran da aka sa wa guba ta mutu, wani lokaci kare ya kashe ta, sau da yawa kuma yara ne ke ɗoki su ɗauko ɗan tun bai isa rabuwa da nono ba. Sai a wayi gari da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, nauyinsa gram 100 ko kusa da haka, yana ta kuka. A hannun yara da wuya ya kai labari. Amma akwai tsofaffin mata a gidajen nan da in ya faɗo hannunsu sai ya rayu, kuma ba sa'a ba ce, iyawa ce.

Abin da ya fara bambanta gwanar da sauran mutane shi ne ba ta gaggawar ba shi abinci. Jika zai ce, "Iya, yunwa fa yake ji, a ba shi madara." Ita kuwa sai ta taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa, ta ce, "Kai dai miƙo min tsumman can, sanyi ne ya kama shi." Gaskiyarta. Ɗan mage ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai sati 3 zuwa 4, kuma cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da komai. Madarar da aka ɗura masa a wannan hali ita ce ajalinsa. Sai ta naɗe shi ta cusa a jikinta, ko ta shimfiɗa tsumma a kwali ta ajiye kwalbar ruwan ɗumi a gefe, ta bar masa wurin matsawa in zafi ya yi masa yawa. A hunturun Disamba da Janairu, wannan kaɗai ke raba mai rai da matacce kafin asuba.

Sai batun abin da za a ba shi, inda mafi yawanmu muke kuskure da kyakkyawar niyya. Madarar shanu ita ce ta fi kusa da hannu, amma nonon mage ya fi ta kitse da sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, ga shi kuma ta shanun tana sa shi zawo, zawo kuwa kan ƙarar da ruwan jikinsa cikin yini guda. Koko da kunu ba su da abin da zai riƙe shi. A manyan birane ana samun madarar gari da aka haɗa musamman don 'ya'yan mage, kuma ita ce ta fi. Inda babu, dabarar da ake yi kafin a samu ita ce nonon akuya da aka tafasa ya huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki. Mafi alheri duka, in akwai wata magen mai shayarwa a unguwa, a goga masa tsumman da 'ya'yanta ke kwana a kai a sa shi cikinsu. Sau da yawa tana karɓarsa.

Yadda ake bayarwa ma abin kallo ne. Sirinji marar allura daga kemis ya isa. Tsohuwar ba ta kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, don madara za ta bi ta hanyar numfashi ta sauka a huhu. A kan cikinsa take ajiye shi bisa cinyarta, ta ɗan tallafi haɓarsa da yatsa, ta ɗiga a gefen baki, ta jira ya haɗiye, sannan ta ƙara. In ya kama, za ka ga kunnuwansa suna motsi daidai da tsotson. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 ga kowane gram 100 na nauyinsa, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a satin farko duk bayan awa 2 zuwa 3 ne, har da tsakar dare. Mai lafiya yana ƙara gram 10 zuwa 15 kullum. Ita ba ta da ma'auni, amma hannun da ya saba auna gishiri da kanwa yana gane wanda ya yi nauyi da wanda ya zube.

Akwai kuma wani aikin uwa da mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Kafin sati 3 ɗan mage ba ya iya fitsari ko kashi da kansa. Uwar ce ke lasar ƙasan cikinsa sannan su fito. Wanda aka cika wa ciki ba a yi masa wannan ba sai ya kumbura ya daina cin abinci, a ce ai maye ne ko iska. Gwanar kuwa bayan kowace ciyarwa sai ta jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ta riƙa shafa ƙarƙashin wutsiyarsa a hankali har fitsari ya zubo. Tana duba launinsa: in ya yi ja-ja da kauri, ruwan jiki ya yi ƙasa. Sannan ta goge shi ya bushe.

Tsakanin sati 3 da 4, lokacin da idon da ya buɗe tun wajen kwana 7 zuwa 10 ya washe, haƙora suka tsattsafo, ya fara tafiya yana tangaɗi, sai a kawo kaskon yashin da zai riƙa fitsari da kashi a ciki. A nan ne na fi jinjina musu, don sun gane cewa ba koyarwa ake yi ba, shiri ake yi masa. Tono da binnewa a jininsa suke. Kakar magen gida magen daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane wajen shekara 10,000 da suka wuce saboda ɓerayen rumbunan manoman farko. A Amurka sai a 1947 wani mai suna Ed Lowe ya fara sayar da ɓarzajjen yumɓu don wannan bukata, kafin nan su ma yashi da toka suke zubawa. Mutumin Lakwaya ba ya bukatar saye, yashin rafi yana nan kyauta.

Fasasshen kasko ko tsohon faranti mai gajeren baki ake nema, wanda gajerun ƙafafu za su iya haurawa. A zuba busasshen yashi, a ajiye a lungu mai shiru, nesa da abincinsa amma kusa da makwancinsa, don ba ya iya riƙewa ya yi tafiya mai nisa. Da ya farka, ko ya gama ci, sai a ɗora shi a kai. In an ga yana shinshina ƙasa yana zagaye, a ɗauke shi a kai shi. Audugar da aka goge shi da ita a binne ta a gefen yashin, warin ya nuna masa wuri. In ya ɓata tabarma, a wanke wurin tas, a kwashe kashin a kai kasko. Duka da dangwara masa hanci ba sa koya masa komai sai ɓuya, ya koma yi a bayan buhu. Wanda ya iya sannan ya daina, a duba yashin ko ya ƙazantu, a duba cikinsa ko zawo ne ko tsutsa. Kullum ake kwashewa a wanke hannu da sabulu, mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan aikin, saboda kashin mage kan ɗauki ƙwayar cutar da ke illata ɗan tayi.

Yaye kan fara daga sati 4, da dafaffen kifi ko nama da aka cire wa ƙaya da ƙashi aka dama shi ruwa-ruwa. Mage maciyar nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, rashin nama na iya taɓa mata ido da zuciya. Miyar gida mai albasa da tafarnuwa guba ce a gare ta, ƙwayar farasitamol guda kuma tana iya kashe ta. Maganin tsutsa da allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake yi daga wata 3, aikin malamin dabbobi ne.

In ka tambayi tsofaffin dalilin wannan wahala, ba za su tsaya kan ɓera ba. Za su tuna maka matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, da Sahabin da aka fi sani da Abu Huraira saboda 'yar magen da yake ɗauka.

Duk da haka su da kansu za su gaya maka hannunsu bai kai uwa ba. Mai son ɗan mage daga gidan maƙwabci ya yi haƙuri ya bar shi a jikin uwarsa har ya cika sati 8. A lokacin ya iya ci da kansa, ya kuma iya kasko.