Fiyano a Matsayin Ganga: Nazari a kan Aikin Randy Weston

An haifi Randy Weston a Brooklyn ta birnin New York a 1926, a can kuma ya rasu a 2018 yana da shekara 92. Mahaifinsa mabiyin Marcus Garvey ne, shi ya cusa masa tun yana yaro cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka. A kan wannan magana Weston ya gina aikinsa duka, ya riƙa cewa kiɗan jaz reshe ne, Afirka ce saiwa. Abin da ya kamata mai nazari ya bincika shi ne ko kiɗan nasa ya gaskata wannan da'awa, ko kuwa a baki kurum ta tsaya.

A 1960 ya ɗauki faifan Uhuru Afrika. Melba Liston ce ta tsara wa kowane makaɗi rabonsa, Langston Hughes ya rubuta kalmomin waƙa. Aiki ne mai nauyi, har gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana sayar da shi a 1964. Amma fa a lokacin Weston bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Sunan faifan Suwahilanci ne, gangar Babatunde Olatunji ta Yarabawa ce, Candido da Armando Peraza kuwa mutanen Kuba ne. Watau an tattaro Afirka daga nan da can aka mai da ita abu guda, kamar a ce harshe ɗaya a ke yi daga Dakar zuwa Zanzibar. Wannan shi ne rauninsa, ko da ya ke niyyar mai kyau ce.

Ya zo Ikko a 1961, ya sake zuwa a 1963, amma baƙo ne mai wucewa. Sai da ya sauka a Maroko a 1967, sa'an nan ya zauna a Tanja har ya buɗe gidan kiɗa mai suna African Rhythms, kana kunnensa ya sami malami. A can ya sadu da Gnawa, zuriyar bayin da aka ƙetare Sahara da su. Suna kwana suna kaɗa gimbiri mai tsarkiya uku, kowane iska da launinsa da takensa. Duk wanda ya san bori da garaya ba zai rasa ganin kama ba, har ma a cikin waƙoƙinsu akwai waɗanda a ke dangantawa da Hausawa.

A nan ne maganar ta zama ta masu nazarin harshe. Mai kalangu yakan matse tsarkiya, murya ta hau ko ta sauka kamar yadda karin Hausa ya ke yi. Fiyano ba ta da wannan dama, gama kowane maɓalli da muryarsa guda, ba ta tanƙwaruwa. Dabarar Weston ita ce ya bar neman abin da fiyano ba ta iyawa. Ya ɗauki dukan nan mai ƙarfi da shirun da ya koya daga Thelonious Monk, ya sa hannun hagu yana maimaita gajeren take a ƙasa kamar gimbiri, hannun dama yana amsawa. Lalle fiyano ta koma ganga a hannunsa.

Blue Moses, wanda ya samo daga taken Sidi Musa mai shuɗin launi, shi ne ma'auni. A faifan 1972 fiyanon lantarki da yawan ƙaho sun danne taken. A faifan The Spirits of Our Ancestors, da aka ɗauka a 1991, an bar shi ya yi ta zagayawa har ya kama jikin mai sauraro.

Saboda haka da'awar Weston ta fi tabbata inda ya taƙaita ta. Sa'ad da ya ke kiran Afirka gaba ɗaya, kirari ya ke yi. Sa'ad da ya zauna gaban Abdellah El Gourd yana ɗaukar karatu, a nan ya zo da hujja. Malamin da zai gwada wa ɗalibai dangantakar jaz da kiɗan gargajiya, da faifan 1991 ya kamata ya fara.