Masu Karanta Kwabon Rumawa

Ranar da aka tono shi daga ƙasa, tsohon kwabon tagulla na Daular Rum bai fi ɓawon laka kyan gani ba. Mai gaggawa sai ya sa yashi ya dirje shi har ya yi ƙyalli, ya kashe darajarsa da hannunsa. Gwani kuwa jiƙa shi yake yi cikin tataccen ruwa, yana sauya ruwan har makonni. Sai dattin ya yi laushi zai ɗauko tsinken sakace da burushi mai taushi, ya kafa gilashin ƙara girma a ido, yana ɓantarar ƙasar kaɗan-kaɗan daga tsakanin haruffa. Koriyar fatar nan da shekaru suka yi wa ƙarfen ba ya taɓa ta, domin ita ce rigar da ta kare kwabon.

Daga nan sai ma'auni. Babban cikin kwabban tagullar, sastatiyus, yakan kai giram 25, kuma ƙananan kwabbai huɗu masu suna "as" ne canjinsa. Akwai na tsakiya mai darajar "as" biyu, wanda girmansa ya kusa ɗaya da na "as". To, yaya za a bambance su? Kambin sarki ake dubawa: tun zamanin Nero, idan kambin na da tsinkaye kamar hasken rana, mai biyun ne.

Fuska ma karatu ce. Nero ga kaurin wuya, Hadiriyan, wanda ya hau mulki a shekarar 117, ga cikakken gemu. Amma gwani bai tsaya kan kama ba, sai ya bi rubutun da ya zagaye kan. COS III na nufin sarkin ya riƙe muƙamin kwansul sau uku, abin da Hadiriyan ya cika a 119, don haka kwabon bai girmi wannan shekara ba. SC kuwa shaidar amincewar majalisar dattawa ce. A kwabban zamanin sarki Kustantin har maƙerar ake sa wa alama a ƙasan hoton: ALE Iskandariyya ke nan, PLN kuma Landan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani yake juya kwabon a kan gefensa. Na asali da guduma aka buga shi tsakanin hatimi biyu. Na jabu sau da yawa zubi ne, yana barin siririn layi a gefe da 'yan ramukan kumfa, kuma farcen gwani kan ji layin tun ido bai gan shi ba.